Jinin ƙanena ya ragu tun da ya fara tseren kwale-kwale, mu yi masa allurar ƙarin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena ne ke karatu a Ingila, ya shiga ƙungiyar tseren kwale-kwale ta makarantarsu, kusan shekara kenan kullum atisaye safe da yamma. Da ya zo hutu muka kai shi gwaji PCV ɗinsa ya nuna 40 alhali kafin ya tafi 45 ne. Shi dai ya ce lafiyarsa ƙalau, amma wani mai kemis ya ce wahala ce ta ƙone masa jini, a yi masa allura. Hajiya duk hankalinta ya tashi. Don Allah meye shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka fara kwantar wa Hajiya da hankali, kuma kada kowa ya taɓa yaron nan da allura tukunna.

PCV kaso kawai yake nunawa, wato cikin ɗari nawa ne jajayen ƙwayoyi, ba ya faɗa maka jimillar jinin da ke jiki. Mai atisayen juriya kuwa cikin 'yan kwanaki ruwan jininsa ke ƙaruwa, kashi 10 har 20 cikin ɗari, su kuma ƙwayoyin sai an ɗau makonni da watanni suke biyo baya. Kamar a ƙara wa kunu ruwa ne, gasarar tana nan, tsinkewa kawai ya yi. Kuma wannan shi jikin ke so, don tseren nan mita 2000 ne, minti 6 zuwa 7 mutum na ja da ƙafa da baya da hannu gaba ɗaya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin daga iskar oksijin yake zuwa. Kowane giram na himoglobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyi mai dakon oksijin, yana ɗaukar kusan mililita 1.34 na oksijin, to ka ga jimillar himoglobin ɗin ita ce magana. Ni da kai jininmu wajen lita 5 ne, manyan 'yan kwale-kwale nasu kan kai 7 har 8, zuciya na cika sosai tana turo da yawa a bugu ɗaya, shi ya sa wasunsu ke iya amfani da oksijin lita 6 a minti guda, amma idan ka duba takardar gwajinsu PCV ɗin ba wani abin mamaki.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "jini ya ƙone", kullum sai na ji ta, mutum ya ga lamba ta sauka bai tambayi komai ba sai ya jawo sirinji. Wace allura ce ma? In ta sinadarin ayon ce, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ayon, taruwa yake a hanta da zuciya yana lalata su a hankali, kuma akwai wanda ana yi masa take numfashi zai sarƙe, a shagon da ko abin taimakon gaggawa babu. In kuma EPO ce to abin ya fi muni, magani ne mai sa jiki ya ƙara yin jajayen ƙwayoyi, da ake ba masu ciwon ƙoda da masu ciwon daji a ƙarƙashin kulawar likita, ka ɗirka wa lafiyayyen yaro jini ya yi kauri, ya fita ya yi gumi ya ƙara kauri, sai hawan jini, sai gudan jini ya toshe jijiya, shanyewar ɓarin jiki ko a kwanta barci ba a tashi ba. Ba a banza hukumar tseren keke ta duniya ta sa doka a 1997 cewa duk namijin da PCV ɗinsa ya haura 50 ba zai yi tsere ba. Hukumar WADA mai yaƙi da amfani da magungunan ƙara kuzari a wasanni ta haramta EPO da ƙarin jini na leda, kuma tun 2009 ake bibiyar jinin 'yan wasa lokaci bayan lokaci, in ya yi tsalle ba dalili sai bincike. Wallahi mai kemis ɗin nan ba shi zai amsa tambaya ba ranar da aka kori yaro daga gasa, ko ranar da kuka kwana a asibiti.

Ban ce ɗan wasa ba ya samun ƙarancin jini na gaske ba, yana samu, musamman mata saboda al'ada. Ku je asibiti a yi masa cikakken gwajin jini da na feritin, shi ne ke nuna ajiyar ayon, da safe bayan ya huta kwana ɗaya. Tunda gida ya dawo a duba maleriya da tsutsar ciki, a tabbatar da jinotayif ɗinsa, don mai AS yana buƙatar kula da shan ruwa da zafi in zai yi atisaye mai tsanani, kocinsa ma ya sani. In yana haki fiye da da, ko jiri, ko lokacinsa a kan ruwa na lalacewa, ku faɗa wa likitan. In feritin ya fito daidai ku bar shi, a ba shi hanta da nama da wake da zogale ya bi da lemu, shayi kuma ya jira kamar awa ɗaya bayan abinci don yana hana jiki tsotsar ayon.