Babur Ba Kuloci: Amsoshin Tambayoyinku Kan Canza Giya Da Lantarki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina neman babur na doguwar tafiya mai ɗan gudu, irin su Tracer 9 ko NT1100. Ko'ina na duba sai in ga an ce ana canza giya ba tare da kuloci ba, amma sunayen sun yi yawa: kwikshifta, DCT, Y-AMT, E-Clutch. Duk abu ɗaya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ruɗanin shi ke sa mutum ya sayi abin da bai nufa ba.

Kwikshifta shi ne mafi sauƙi. Hannun kuloci na nan, fedar giya na nan. Sansa ce, wato 'yar na'ura mai jin motsi, aka ɗaura a sandar da ke haɗa feda da giyabos. Da ka taɓa fedar, sai ta gaya wa kwamfutar injin ta yanke wuta ko mai na ɗan ƙiftawa, wajen kashi 50 zuwa 80 cikin 1,000 na daƙiƙa. A wannan ɗan tsakanin nauyi ke sauka daga haƙoran giya, sai giyar gaba ta zame ta shiga. Wajen saukar da giya kuwa, kwamfutar ce ke ɗan buɗe totur da kanta don juyin injin ya dace, shi ya sa wannan ɓangaren ke son babur mai totur na lantarki. Amma tashi da tsayawa, sai ka ja kuloci da hannunka. Irinsa ke kan Suzuki GSX-S1000GT da Kawasaki Ninja 1000SX.

DCT na Honda wani gini ne daban tun daga cikin injin. Kuloci biyu ne, ɗaya na riƙe da giya 1, 3 da 5, ɗayan 2, 4 da 6. Kana tafiya a giya uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai wannan kuloci ya saki wancan ya kama, ƙarfi bai yanke ba. Ya fara fitowa a VFR1200F a 2010. Babu hannun kuloci, kuma yana ƙara wa babur kusan kilo 10: NT1100 mai giyar ƙafa kilo 238 ne, mai DCT 248.

Tsakanin waɗannan biyu akwai masu giyabos na gargajiya, sai dai ƙananan na'urorin lantarki ne ke jan kuloci, a wasu har da juya giya. Yamaha ta fara haka tun 2006 a FJR1300 da tsarin YCC-S, ta dawo da Y-AMT a 2024, wanda ya cire hannun kuloci da fedar giya gaba ɗaya, ya bar maka madanni a hannun hagu, nauyinsa kuma bai kai kilo 3 ba. ASA na BMW ya cire hannun kuloci amma ya bar feda. E-Clutch na Honda, da ya zo kan CB650R da CBR650R a 2024, ya bar duka biyun: kai ke canza giya da ƙafa, shi ke kula da kuloci har wajen tashi da tsayawa, in ka ja hannun kuma ya sakar maka. Shi ba ya canza giya da kansa ko kaɗan.

TAMBAYA: Na daɗe ina hawan babur mai kuloci. Abokan hawana sun rabu biyu, wasu na cewa wannan abu na ragwaye ne, wasu na cewa wanda ya ɗanɗana ba ya komawa. Ku me kuka gani?

AMSA: Ranka ya daɗe, kowane ɓangare na da gaskiyarsa, sai dai yawanci ba a wurin da ya dace ake gardamar ba. A buɗaɗɗen titi kusan babu mai ƙorafi. Masu yabo suna kawo hujjoji uku da ba a iya musantawa. Hannun hagu na hutawa a cunkoso, abin da mai ciwon gaɓoɓi ya fi kowa sanin darajarsa. Wanda aka goya ba ya ta sara hular kwanonsa a taka duk sanda aka canza giya, musamman a DCT. Sannan babur ba ya mutuwa a hannunka a kan tudu da kaya cike da akwatuna.

Masu suka kuma abu biyu suke kawowa. Na farko, zaɓin giyar da kwamfuta ke yi. A yanayin D, inda take canza giya da kanta, tana saurin hawa giya don tattalin mai, kafin ka ankara kana giya shida a gudun cikin gari, injin na gurnani. Wani lokaci kuma ta canza a tsakiyar kwana, daidai inda ba ka so a taɓa maka daidaito. Wannan yana da magani: koma yanayin da ke jinkirta hawa giya, wato S a Honda ko D+ a Yamaha, ko ka karɓi giyar da yatsa kafin ka shiga kwanar. Sababbin ma sun samu sansar da ke auna kwanciyar babur, kamar Africa Twin daga 2020, suna riƙe giya har ka miƙe.

Na biyu shi ne ainihin maganar, wato tafiyar ƙafa-ƙafa: juyawa a ƙaramin fili, lallaɓawa tsakanin motoci, fita daga wurin ajiya mai gangara. A babur mai kuloci, kana riƙe injin a sama kaɗan, kana sakin ƙarfi da yatsu biyu gwargwadon bukata. In an cire hannun, wannan ma'aunin ya tafi. Ka rufe totur a tsakiyar juyi, kuloci ya saki, babur mai kilo 250 ya rasa abin da ke tura shi, sai ya nemi kwantawa ciki. Ka buɗe da gaggawa don ka cece shi, ya zabura. A nan ne sabon mai irin wannan babur ke iya faɗuwa cikin sauƙi.

Dabarar ita ce birkin baya ya maye gurbin kuloci. Riƙe totur a ɗan buɗe, kada ka motsa shi. Taka birkin baya a hankali har ka ji babur na ja yana turjewa. Da ƙafa za ka rage ko ka ƙara gudu, ba da hannu ba. Kada ka taɓa birkin gaba alhali kan babur na juye. Ka sa giya ɗaya da hannu don kada kwamfuta ta hau ta biyu a tsakiyar juyi. Kuma ka bar ɗabi'ar murza totur a tsaye, domin a D murzawa tafiya ce.

A ganinmu, duk wanda zai gwada irin wannan babur kafin saye, ya bar babban titi, ya nemi fili ya yi ta zagaye da juyawa. In hakan ya kwanta masa, sauran duk mai sauƙi ne. In bai kwanta ba, E-Clutch ko kwikshifta ne nasa, tunda hannun na nan.

TAMBAYA: Babur ɗina na da kwikshifta na kamfani. Daga giya ɗaya zuwa biyu yana fizga da ƙara, wani lokaci ya faɗa firi, kwanan nan kuma giya biyu ta fara ficewa in na ba shi wuta. Na'urar ce ta lalace?

AMSA: Ɗan'uwa, fara da ƙafarka kafin ka zargi na'ura. Tsakanin ɗaya da biyu ne tazarar giya ta fi faɗi, kuma sai an ratsa firi, don haka nan ne kwikshifta ya fi rashin laushi a kusan kowane babur. Da yawan ƙwararru kuloci suke ja a nan, su bar na'urar daga biyu zuwa sama. Kowane tsari kuma na da ƙaramin juyin da yake aiki a kai. Na Ninja 1000SX sai injin ya wuce juyi 2,500 a minti. Wajen hawa, totur a buɗe yake zama, kada ka sassauta. Wajen sauka, a rufe ruf. Ɗaga fedar da ƙarfi har ƙarshe sau ɗaya, ka janye ƙafa gaba ɗaya. Wanda ke ajiye yatsun ƙafa a ƙarƙashin feda yana matsa ta kaɗan-kaɗan, yana rikita sansa, yana kuma goge cokulan da ke tura giya.

Bayan haka duba waje. Sarƙa in ta yi sako-sako tana ninka fizgar, don haka auna ta bisa adadin da ke littafin babur ɗinka. Duba ƙullin da ke bakuna biyu na sandar giya, in sun yi wasa ko sun bushe sansa ba ta samun saƙo a kan lokaci. In an taɓa daidaita tsayin feda, tabbatar sandar da hannun da take turawa suna kusa da kusurwa mai digiri 90. Baƙin mai ya zama mai alamar JASO MA ko MA2. Na mota yana ɗauke da sinadaran santsi da ke sa kulocin babur zamewa.

Amma ficewar giya biyu a ƙarƙashin wuta, wannan ba ta waje ba ce. Kowace giya na da 'yan ƙusoshi a gefenta da ke shiga ramukan maƙwabciyarta. Duk shigar da ba ta cika ba tana gutsurar bakinsu, har su zama masu zagaye, sai ƙarfin injin ya riƙa tofar da su. Kowace ficewa kuma tana dukan cokalin, ya lanƙwashe. Kashe na'urar daga allo, ka koma kuloci, ka kai wa makaniki da wuri. Gyaran sai an buɗe injin, a canza giya ta biyun da abokiyar kamunta da cokalin tare. Canza ɗaya kaɗai ɓarnar kuɗi ce.

TAMBAYA: Mai DCT in batir ya mutu a hanya, ana tura shi ya tashi?

AMSA: A'a. Kulocinsa da matsin mai yake kamawa, famfon kuma sai injin na juyawa, don haka tura shi ba ya juya komai. Sai jona waya daga wani batir ko ƙaramin abin tayarwa da kake ɗauke da shi. Lafiyayyen batir a hutu yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12.4 ka yi masa caji kafin tafiya. In injin ya mutu a cikin giya, allo na ƙyafta layi maimakon N, wato firi, kashe makulli, ka ɗan girgiza babur gaba da baya don haƙoran su saki, ka kunna, ka riƙe birki ka tayar.

Wannan dalilin ne kuma ya sa ba ka iya barinsa a giya a kan gangara. Yana da birkin ajiya na musamman, ka ja shi duk sanda ka sauka, ka kuma tuna sakinsa. Wajen juyen baƙin mai, matatar mai biyu gare shi, ta injin da ƙarama ta kuloci, wadda makanikin da bai saba da shi ba ke mantawa.

TAMBAYA: Zan iya yin jarrabawar lasisi da irin wannan babur?

AMSA: Ya danganta da dokar ƙasar da kike, Malama. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya ci jarrabawa da babur marar hannun kuloci ana taƙaita masa lasisi ga irinsa kaɗai, sai ya sake wata kafin ya hau mai kuloci. Ki tambayi hukumar lasisi kafin ki biya kuɗin horo.