Taliyar Tailan ga Baƙi Shida: Me Ya Sa Take Caɓewa?

Tambaya: Ƙawayena shida za su zo cin abincin dare, ina so in yi musu pad thai, wato soyayyar taliyar shinkafa irin ta Tailan, amma taliyar kullum caɓewa take yi. Ina mafita? Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki tafasa taliyar shinkafa. Jiƙa giram 500 a ruwa mai ɗumi kamar minti 30, har ta lanƙwasu amma da sauran tauri. A kasko za ta ƙarasa nuna.

Tun da rana ki haɗa ruwan tsamiya mai kauri cokali 7, ruwan kifin nam pla (ruwan kifi mai gishiri na ɗanɗanon girki a Tailan) cokali 6, mazarƙwaila cokali 6, ki narkar a wuta. Ɗanɗana: tsami, gishiri da zaƙi su zo daidai.

Babban kuskure shi ne juye komai lokaci guda. Kaskon sai ya huce, taliyar ta yi ruwa ta manne. Soya na mutum biyu-biyu a wuta mai ƙarfi: kaza da tafarnuwa, taliya da haɗin tsamiyar, sannan ƙwai biyu a gefe. Dakakkiyar gyaɗa, barkono da lemun tsami kuwa a ajiye a faranti, kowa ya zuba daidai bakinsa.