Awa uku zuwa, awa goma sha biyu dawowa?

TAMBAYA: Na duba tikitin jirgi daga Landan zuwa New York. An rubuta tashi ƙarfe 10 na safe, sauka ƙarfe 1 na rana. Dawowa kuma tashi ƙarfe 7 na yamma, sauka ƙarfe 7 na safe. Hanyar ɗaya ce, to ya aka yi zuwa awa uku, dawowa awa goma sha biyu? Ko kuskure aka yi?

AMSA: Malam, ba kuskure a ciki. Lokacin tashi a tikiti agogon garin da za a tashi ne, na sauka kuma agogon garin da za a sauka. Landan ta riga New York da awa biyar. Ƙarfe 1 na rana a New York ƙarfe 6 na yamma ne a Landan, ka ga zuwan awa takwas ke nan. Dawowa kuwa, cire biyar daga sha biyu, saura bakwai. A kula, a wasu makonni na Maris da ƙarshen Oktoba bambancin yakan koma awa huɗu, don Amurka da Birtaniya, da suke tura agogonsu gaba da awa ɗaya su mayar da shi baya kowace shekara, ba rana ɗaya suke sauya agogon ba.

Saura awa ɗayan da ke tsakanin takwas da bakwai, kuma wannan ta gaske ce. Daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa na JFK a New York kimanin kilomita 5,550 ne, jiragen fasinja kuma suna gudun wajen kilomita 900 a awa. In ka raba, awa shida da 'yan mintuna za ka samu. Amma gudun nan a cikin iska ake auna shi, iskar kuma ba a tsaye take ba. A can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas bisa tekun Atlantika, tana ƙara ƙarfi a lokacin sanyi. Jirgin da ya nufi Landan yana shiga cikinta ta tura shi. Wanda ya nufi New York kuwa gaba da gaba suke, ko ya kauce mata ya ƙara nisa. Shi ya sa kullum ake shata hanyoyin tekun bisa yadda iskar ta kwana. A Fabrairun 2020 wani Boeing 747 na British Airways ya yi New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, albarkacin iskar nan.

Kada taswira ta ruɗe ka in ka ga layin jirgin ya lanƙwasa ta gefen Kanada kamar an yi zagaye. Duniya ƙwallo ce, hanyar da ta fi gajarta ita ce take fitowa a lanƙwashe a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda.

Sannan awannin tikiti daga ƙofar shiga zuwa ƙofar fita ake lissafa su. Akwai jan jirgi baya, bin layi kafin titin tashi, da shawagi a saman Heathrow ana jiran izinin sauka. In za ka sauya jirgi a can, da lokacin tikiti za ka yi lissafi, ka ƙara na shige da fice da ɗaukar kaya a kai.