Ku Tambayi Malamin Na'ura: 5G Ɗin Jikin Rawuta Daban, Na Waya Daban

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a Zariya, watan jiya na sayi rawuta na saka layi a ciki, da na kunna sai naga suna biyu sun fito a wayata, ɗaya sunan shagona kawai, ɗayan kuma sunan shagon da 5G a ƙarshe. Yaron da ya sayar min yace ai 5G ce shi yasa tafi tsada. Ni dai banga wani gudu ba, kuma ina shiga ɗakin ciki sai mai 5G ɗin ta ɓace ɓat. Cutata aka yi ko ni ne ban iya ba? Daga wani mai shago, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba zan ce an cuce ka da gangan ba don ƙila shi ma yaron haka aka faɗa masa, amma gaskiya wannan 5G da kake gani ba ita ce 5G ɗin da kamfanonin waya ke talla ba. Ta kamfanonin waya ma'anarta zubi na biyar na sabis ɗin salula, wadda MTN ta fara kunnawa a Najeriya a 2022. Ta jikin rawutarka kuwa taƙaita 5GHz aka yi, wato zangon igiyar rediyo da Wi-Fi ɗin ke bi daga akwatin zuwa wayarka, cikin shagon nan dai, ba ruwanta da dogon ƙarfen sabis. Layin da ke ciki in 4G yake kamawa toh 4G kake sha, ko da an rubuta 5G sau goma a jikin suna. Ka juya akwatin ka karanta takardar da ke manne a ƙasa, in kaga LTE ko 4G kawai magana ta ƙare.

Ka ɗauke shi kamar ruwan famfo. Layin shi ne ruwan da ke shigowa daga titi, Wi-Fi kuma bututun cikin gida, ko ka sa bututu mai faɗin ganga in ruwan ɗis-ɗis yake zuwa haka zaka tara shi a bokiti.

Batun ɓacewa a ɗakin ciki kuwa ba lalacewa bace, halinta ne. Zangon 2.4GHz yafi ratsa bango da tafiya nesa, sai dai cunkoso ya masa yawa, Bluetooth na wajen, na'urar ɗumama abinci na wajen, rawutar maƙwabta duk suna wajen, kuma tashoshi uku ne kacal basa hawa kan juna wato 1 da 6 da 11. Shi kuwa 5GHz fili ne fetal ga gudu, amma bulon siminti biyu sun isa su karya masa ƙafa, balle in akwai ƙofar ƙarfe a tsakani. Don haka kwamfutocin da ke kusa da akwatin ka ɗora su kan mai 5G a suna, ɗakin ciki ka bar shi kan ɗayar. Sannan don Allah ka ciro rawutar daga ƙarƙashin teburi, na sha shiga shago in tarar da ita a ƙasa bayan injin hoto an jibga mata rim ɗin takarda a kai, ana ta zagin sabis. Ka rataye ta sama kusa da taga ka sake gwada gudun, gani ya kori ji.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce, zan sayi ƙaramar mifi sai naga a kwali an rubuta 802.11 b/g/n, wata kuma an rubuta Wi-Fi 6 kuɗinta ya kusa ninka na farkon. Meye waɗannan haruffa, kuma wacce zan ɗauka? Daga wata ɗaliba, Katsina.

AMSA: Ƙanwata waɗannan haruffa tarihin rigima ne aka rubuta miki a kwali. Wata ƙungiyar injiniyoyi mai suna IEEE da ke da hedikwata a Amurka ita ta fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, gudunta megabit 2 a daƙiƙa, abin dariya yanzu. A 1999 sai aka fito da biyu lokaci guda, 802.11a mai megabit 54 a kan 5GHz da 802.11b mai megabit 11 a kan 2.4GHz, kuma basa jin yaren juna ko kaɗan. A takarda 802.11a ce gaba, a kasuwa kuwa 802.11b ce tayi nasara saboda tafi araha, tafi nisa, kuma ta riga isa shaguna, a shekarar ma Apple ya saka ta cikin kwamfutarsa iBook.

Ba su kaɗai ne a fagen ba fa. Akwai HomeRF da su Intel da Siemens da Motorola suka mara wa baya, ta fara da megabit 1.6, ƙungiyarta ta watse a 2003. Turai ma sun yi tasu HiperLAN, ta mutu ba a ko yi zaman makoki ba. Abinda ya ɗaga Wi-Fi shi ne kamfanoni sun haɗu a 1999 suka kafa ƙungiyar da yau ake kira Wi-Fi Alliance, tana gwada kaya ta buga musu tambari, ya zama in kin sayi katin Wi-Fi na kwamfuta daga wannan kamfani rawuta daga wancan zasu gaisa lafiya. Sarkin yawa yafi sarkin ƙarfi. Mu ma nan munga irin wannan, masu ɗan shekaru zasu tuna wayoyin Starcomms da Multi-Links da Visafone, waɗancan wani tsarin sabis mai suna CDMA suke amfani da shi, tsarin GSM na su MTN da ya shigo a 2001 ya cinye kasuwar, ƙarshe MTN ta saye Visafone a 2016. Ba wai CDMA baya aiki bane, jama'a ne suka bi inda ake cire layi a saka a kowace waya.

Daga nan g tazo a 2003 da megabit 54 a kan 2.4GHz, n a 2009 ta kawo eriya fiye da ɗaya, ac a 2013. Da suka ga haruffan na rikita mutane sai a 2018 suka koma lamba, n ta zama Wi-Fi 4, ac Wi-Fi 5, ax da ta biyo bayanta Wi-Fi 6, a 2024 kuma aka fara buga tambarin Wi-Fi 7. Daɗin abin sabuwa na yi wa tsohuwa magana, amma da gudun tsohuwar zasu tafi.

Toh ke da waya ɗaya da laftof ɗaya a ɗakin hostel, ni dai ban ga dalilin ninka kuɗi ba. Ƙarfin Wi-Fi 6 yana fitowa ne inda na'urori suka yi yawa a kan akwati ɗaya, kuma sai wayarki ma ta iya shi. Ki fi damuwa da ƙarfin batir saboda halin wuta, da kuma layin da yafi kamawa a unguwarku, ki ari na ƙawaye ki gwada a cikin ɗakin kafin ki biya. In kuma kin ga an rubuta gudu 150 ko 300 a kwali, megabit ne, sai kin raba da 8 ki samu megabayit ɗin da kike gani wajen sauke fayil, kuma shi ma ba a taɓa kaiwa ƙarshensa.

TAMBAYA: Datar wata guda kwana 9 take min, ina zargin yaran maƙwabta. Na canza kalmar sirri sau biyu amma a banza. Daga wani magidanci, Maraɗi.

AMSA: Alhaji kafin ka zargi maƙwabta duba cikin gida. Tun daga Android 10 duk wayar da ta riga ta hau Wi-Fi tana iya nuna wani hoton tambari mai murabba'i, aboki ya haska da kyamara ya shige ba tare da an furta kalma ko ɗaya ba, toh in ka bai wa ɗanka sabuwar kalmar da safe kafin la'asar majalisar ƙofar gida ta samu. Shiga saitin rawutar ka duba jerin na'urorin da ke kai, ka toshe wanda baka sani ba, ka kashe WPS, wato hanyar da ke haɗa na'ura ba sai an rubuta kalmar sirri ba, tsaron kuma ya kasance WPA2 ko WPA3, in kaga tsohon tsarin WEP ka gudu don tun 2001 aka gano yadda ake fasa shi. In jerin ya nuna duk 'yan gida ne, leƙa talabijin ɗin falo, wata ƙila yara sun bar YouTube na zuba tun safe.