Sobolo na kumbura duk da maganin hana lalacewa

Hajiya, kin ce kina zuba sodiyam benzowet, wato maganin hana lalacewa, a sobolon (zoɓon) da kike sayarwa a unguwar Aboabo, amma bayan kwana biyu roba ta kumbura, ɗanɗano ya juya. Maganin ba ya kashe ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, hana su hayayyafa yake yi. Yis da wasu bakteriya masu jure tsami suna tunkuɗo shi waje daga jikinsu, su ci gaba da cin sukarinki.

Tsamin sobolo ya ishi maganin ya yi aiki, don haka ni jarkarki nake zargi. Santsin nan da ke manne a gindinta, nan ƙwayoyin suke fakewa, magani ba ya ratsa shi sosai. Ki dirje ta da buroshi da ruwan zafi, kada ki ƙara awon magani.