Ina da 'yan'uwa a gida: shin za a hana ni izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka?

Tambaya: An haife ni a Kano, na samu takardar zama ɗan ƙasar Amurka shekarun baya. Wani kamfani mai kwangila da ma'aikatar tsaro ya ɗauke ni aiki, amma sai an tantance ni. Iyayena suna gida, yayana soja ne, ina da fili, kuma fasfona na Najeriya yana nan. Akwai fata?

Amsa: Malam, akwai fata. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 12968 ta 1995 ta hana a yi la'akari da asalin ƙasar mutum ko addininsa wajen ba da wannan izini, wanda ya samu zama ɗan ƙasa daga baya daidai yake da haifaffe. Sai dai kotun ƙoli ta yanke a 1988 cewa izinin ba haƙƙin kowa ba ne, kuma duk inda aka samu kokwanto, ɓangaren tsaron ƙasa ake rinjayarwa.

Ma'aunin da ake aiki da shi tun 2017 shi ne SEAD 4, mai ƙa'idoji 13 da aka jera da haruffa. Biyu ne suka shafe ka. Ta B tana duba ko wani daga waje zai iya matsa maka lamba, ta C kuma ko kana fifita wata ƙasa a kan Amurka.

Ta C ta fi sauƙi yanzu. Riƙe ƙasa biyu kaɗai ba ya hana izini, kuma an daina tilasta wa mutum miƙa fasfonsa na waje kamar da. Ka bayyana shi, ka riƙa fita Amurka da shiga da fasfon Amurka. Karɓar muƙami a gwamnatin Najeriya kuwa wata magana ce daban.

Ta B ce ke da aiki. Mai tantancewa ba zargin ka yake da cin amana ba. Tunaninsa shi ne, in aka kama mahaifiyarka, aka kira ka a waya ana neman wata takarda, ya za ka yi? Shi ya sa ake duba ƙasar kanta. Najeriya ba ta cikin sahun China, Rasha ko Iran wajen leƙen asirin Amurka, amma Boko Haram da garkuwa da mutane suna shiga lissafi. Aikin yayanka zai fi iyayenka jawo tambayoyi: muƙaminsa, yawan maganarku, ko ya san irin aikinka. A ɗaya gefen sikelin za a ɗora shekarunka a Amurka, matarka da 'ya'yanka in 'yan ƙasa ne, gidanka da ajiyar fanshonka. Fili ɗaya a Kano ba ya tayar da hankali in darajarsa kaɗan ce a kan abin da ka mallaka a Amurka.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne cika SF-86, fom ɗin da mai neman izinin yake bayyana tarihinsa a ciki. Gidan Bahaushe babba ne, fom ɗin kuma yana neman 'yan uba, kishiyar uwa, da iyayen matarka, ba 'yan ɗakinku kawai ba. Yana tambayar waɗanda ba Amurkawa ba da kuke da kusanci ko hulɗa mai ɗorewa cikin shekara 7, tafiye-tafiyenka, da ko ka taɓa tallafa wa wani ɗan ƙasar waje da kuɗi. Kuɗin cefanen da kake aika wa Hajiya duk wata yana ciki. Mu a wurinmu zumunci ne da ba a ma ambata, amma in ka tsallake shi aka gano daga baya, batun ya tashi daga dangi ya koma na gaskiyarka, wanda ya fi wuyar gyarawa. Ƙarya da gangan a fom ɗin laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 5. Don haka ka kira gida tun yanzu, ka tattara cikakkun sunaye, ranakun haihuwa da wuraren aikin kowa.

In DCSA, hukumar ma'aikatar tsaro da ke yin wannan tantancewar, ta gama bincike aka ga matsala, za a aiko maka da takardar dalilai. Ma'aikacin kamfanin kwangila yana da kwana 20 ya amsa, kuma yana iya neman zama gaban alƙalin DOHA, ofishin sauraron ƙararraki na ma'aikatar tsaro. A wannan matakin ka nemi lauyan da ya ƙware a harkar.