Kalori 800 a rana: zan iya farawa ni kaɗai?

'Yar'uwa, kin ce ƙiba ta dame ki, kina son rage abinci ya koma ƙasa da kalori 800 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Hanyar tana aiki, amma likita ke ɗora mutum a kanta, kuma galibi ba ta wuce mako 12.

Ba zama da yunwa ba ne. Akwai abinci na musamman mai furotin da bitamin, don kada tsoka ta zube. Waɗanda na fi ji wa tsoro masu shan maganin suga ne: in ba a rage maganin ba, suga kan faɗi, jiki ya hau karkarwa, gumi ya keto. Saurin ramewa kuma na kawo tsakuwa a matsarmama. In kina da ciki ko kina shayarwa, kada ki fara. Don Allah ki je a auna jininki tukuna.